JAN FENTI A BANGO: Abin Da Ya Kamata Mai Gida A Abuja Ya Sani Kafin Katafila Ta Iso

Duk wanda ya taɓa zama a Abuja ya san alamar nan ta jan fenti da ma'aikatan Hukuma kan shafa a bangon gida ko a jikin ƙofa, wani lokaci har da kwanan wata a ƙarƙashinta. Ranar da mai gida ya wayi gari ya tarar da ita, ranar barci ya ƙaurace wa gidan, domin kowa ya san abin da kan biyo baya, watau katafila da 'yan sanda. Mutumin da ya shekara 20 yana tara kuɗin bulo da siminti, ko ya zuba kuɗin sallamarsa daga aikin gwamnati cikin ɗaki huɗu a Lugbe ko Karmo, yana iya ganin abin duka ya koma tarin ƙasa kafin azahar.

Maganar ta kai har zauren Majalisar Dattijai cikin watan Disamba na 2024, sa'ad da Sanata Ireti Kingibe mai wakiltar Birnin Tarayya ta gabatar da koken masu gidaje. Majalisa ta nemi Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya dakatar da rusau, ta kuma kafa kwamiti a ƙarƙashin Mataimakin Shugabanta, Sanata Barau Jibrin. Shi kuwa Minista ya mai da martani cewa ba zai fasa rusa ginin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Manya suka yi ta musayar magana, amma talaka mai gida bai ƙaru da komai ba game da tambayar da ke cin ransa, wato me zai yi in tasa ranar ta zo.

Amsar ta soma ne daga wani abu da yawancin masu gidaje ba su lura da shi ba. Fentin iri ɗaya ne a kowane bango, amma dalilan shafa shi sun bambanta, kuma kowane dalili da irin hukuncinsa a doka. Wanda bai san wane laifi ake tuhumar gidansa da shi ba, to zai ɓata 'yan kwanakin da yake da su yana buga ƙofar da ba ita ba ce.

ƘASAR ABUJA TA WACE CE?

Ran 3 ga watan Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar amincewa da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, cewa a ta da babban birnin ƙasa daga Ikko zuwa tsakiyar Nijeriya. Dokar Soja mai lamba 6 ta wannan shekara ta yanke ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,000, ta kafa Hukumar Raya Birnin Tarayya, watau FCDA, kana ta danƙa ƙasar gaba ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya. Tsarin Mulki na 1999 ya sake jaddada haka a sashe na 297.

Ma'anar wannan ita ce, Minista kaɗai ke da ikon ba da fili a Abuja a madadin Shugaban Ƙasa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗi haka a shari'ar Ona da Atenda cikin 2000, inda ta ce babu sauran mallakar gargajiya a Birnin Tarayya, sa'an nan Kotun Ƙoli ta ƙarfafa ikon Minista a shari'ar Madu da Madu cikin 2008. Saboda haka takardar da dagaci ko mai unguwa ya sa wa hannu, ko da da shaidu goma, ba ta tsayawa gaban Hukuma. Haka kuma takardun da Ƙananan Hukumomi shida na yankin, AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, suka yi ta bayarwa a shekarun baya ba su zama cikakkiyar shaida ba sai an tantance su.

Wannan shi ne ya sa Abuja ta bambanta da Kano ko Katsina, inda gidan gado ke da tushe tun kafin zuwan Turawa. Bahaushen da ya zo da tunanin gida, ya sayi fili hannun ɗan ƙasa da amana da shan hannu, sau da yawa bai san cewa shi kansa mai sayarwar ba shi da abin sayarwa a idon doka ba.

DALILAI HUƊU

Dalili na farko, kuma mafi tsanani, shi ne rashin takardar mallaka. Nan ne aka fi zubar da hawaye. Taswirar birnin da kamfanin International Planning Associates ya kammala cikin 1979 ta tanadi wurin komai, amma ba a gina isassun gidajen masu ƙaramin ƙarfi ba, alhali kuwa bayan ƙaurar gwamnati ran 12 ga watan Disamba 1991 jama'a sun yi ta kwararowa. Leburori da direbobi da ƙananan ma'aikata da 'yan tireda suka zauna a ƙauyukan Gbagyi da ke kewaye, suna saye suna ginawa. Da Malam Nasiru el-Rufa'i ya riƙe Ma'aikatar daga 2003 zuwa 2007 ya ce zai mai da birnin kan taswirarsa, aka rusa unguwanni irin su Idu-Karmo da Chika da Aleita, har aka laƙaba masa sunan Mai Rusau. Rahoton da ƙungiyoyin COHRE da SERAC suka fitar cikin 2008 ya ƙiyasta cewa mutane wajen 800,000 suka rasa matsuguni a waɗannan shekaru. Mafi yawansu ba su sami ko anini ba, domin Hukuma ta ce diyya ta 'yan asalin ƙasa ce da masu takarda.

Dalili na biyu shi ne saɓa ƙa'idar gini. Mutum na da takardar fili sahihiya, amma ya yi gini ba tare da an amince da zanensa ba, ko an amince masa da bene hawa ɗaya ya ɗora biyu, ko ya ci wani yanki na hanya, ko ya hau kan bututun ruwa ko magudana, ko ya gina ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. A cikin wannan rukuni ne mai da gidan zama ya koma kanti ko otal ko makaranta ya faɗo. A 2025 Hukuma ta ɗora tarar Naira miliyan 5 kan masu gidajen da suka yi haka a wasu manyan tituna irin su Aminu Kano da Adetokunbo Ademola a Wuse II da titin Gana a Maitama. Wannan laifi bai bar manya ba, gama a zamanin el-Rufa'i an rusa ginin Sanata Ahmadu Ali, alhali yana shugaban jam'iyyar PDP mai mulki a lokacin.

Dalili na uku shi ne ginin ya zama haɗari ga rai. Daren 23 ga watan Agusta 2023, ana tsakiyar ruwan sama, wani bene ya rufta a titin Lagos da ke ƙauyen Garki, mutum 2 suka rasu, aka ceto fiye da 30, Minista kuwa, wanda bai fi kwana uku da kama aiki ba, ya ba da umurnin a kama mai ginin. Kafin wannan an yi irinsa a Jabi cikin 2018, da Gwarinpa cikin Fabrairu 2023. A rukunin gidaje na Trademore da ke Lugbe kuwa ruwa ne abokin gaba, inda ambaliyar watan Yuni 2023 ta shanye gidaje fiye da 100, har Hukuma ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Waɗanda ke ciki galibi saye suka yi hannun kamfani da kuɗinsu na halal, ba su ne suka zaɓi yin gini a kan hanyar ruwa ba.

Dalili na huɗu shi ne ƙwace fili. Ana yin haka ko dai domin aikin jama'a, kamar hanya ko gada, ko kuma domin mai filin ya karya sharaɗin da ke cikin takardarsa. A Satumba 2023 an ƙwace filaye 165 saboda an bar su ba gini. A Maris 2025 aka soke takardu 4,794 saboda masu su sun haura shekara 10 ba su biya harajin fili ba, cikin watan Mayu kuma aka soma rufe gine-ginen, ciki har da hedkwatar PDP ta Wadata Plaza, sai da Shugaba Bola Tinubu ya sa baki aka ba da wa'adin kwana 14 a biya tare da tara.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Dokar da ke tafiyar da sha'anin gini ita ce Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88 ta 1992. Cikin 2003 Gwamnatin Jihar Ikko ta yi nasara a Kotun Ƙoli, aka yanke cewa tsara birane aikin jihohi ne, saboda haka dokar ta Tarayya a Abuja ta fi cin gashinta. Sashen Kula da Gine-gine na Hukumar Abuja shi ne ke aiki da ita.

Dokar ba ta ce a soma da katafila ba. Ta ba Sashen ikon ba da takardar tsai da aiki, wadda ke kama aiki nan take. Ta ba shi ikon ba da takardar saɓa ƙa'ida, inda zai iya umurtar mai gini ya kawo zanensa a duba, ko ya gyara abin da ya ɓata, ko ya rusa, ko ya mai da filin yadda yake a da. Mai karatu zai lura cewa biyu daga cikin waɗannan huɗu hanyoyin tsira ne ga gida. Game da ginin da ya zama haɗari kuwa, dokar ta ce a ba da takardar rusau mai ɗauke da ranar da za a fara aikin, ranar da ba ta wuce kwana 21 ba, kuma in Hukuma ce ta rusa, mai ginin ne zai biya kuɗin aikin. Har ila yau dokar ta tanadi kotun sauraren ƙararrakin tsara birane, inda wanda bai gamsu da hukuncin Sashen ba zai kai kukansa.

Maganar diyya tana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. In an ƙwace fili domin aikin jama'a, sashe na 29 ya ce a biya mai shi kuɗin abin da ya aza a kai, watau gini da shuke-shuke, ban da ita ƙasar kanta. Wanda aka ƙwace wa saboda ya karya sharaɗi ba ya cikin wannan tanadi. Wajibi ne kuma a miƙa wa mai fili takardar sanarwa, kotuna kuwa sun sha soke ƙwacen da aka yi ba tare da ita ba.

IN RANAR TA ZO

To, mai gida ya tashi ya ga jan fenti. Abu na farko shi ne kada ya goge, kada kuma ya ci gaba da gini da dare yana zaton in ya rufa kwano za a ji tausayinsa. Ci gaba da aiki bayan takardar tsayawa laifi ne na dabam, kuma yana raunana shi gaban alƙali. Ya ɗauki hoton alamar da na gidan ciki da waje, ya nemi takardar da ta zo tare da fentin, ya duba kwanan watanta da sashen da ya aiko ta. In ba a bar takarda ba, ya rubuta wa Sashen Kula da Gine-gine yana neman a bayyana masa laifin a rubuce, ya tabbatar an buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa. Wannan ɗan hatimi sau da yawa shi ne ke zama shaida mafi ƙarfi daga baya.

Na biyu, ya tattara takardunsa, takardar ba da fili, da ta C of O in yana da ita, da zanen da aka amince da shi, da rasit na harajin fili, da yarjejeniyar saye. Ya je ofishin AGIS, inda aka tattara bayanan filayen Abuja cikin kwamfuta tun zamanin el-Rufa'i, ya biya kuɗin bincike a gaya masa sunan wanda ke kan filin da kuma abin da aka ware shi dominsa. Da wannan bincike mutane suke yi kafin su biya dillali, da rabin kukan da ake yi bai taso ba.

Na uku, ya san rukuninsa. In laifin na ƙa'idar gini ne, sau da yawa akwai gyara, ko a kai zane a biya tara, ko a sare katangar da ta ci hanya, ko a sauke hawan da aka ƙara. Gara mutum ya rusa ɗaki ɗaya da hannunsa, ya tsira da kwanonsa da ƙofofinsa da rodinsa, da a rusa masa gidan duka 'yan gwangwan su kwashe saura. In an ce ginin haɗari ne, ya kira injiniya mai rajista da COREN ya gwada ƙarfin ginshiƙai da dakali, ya ba shi rahoto a rubuce. Rahoton na iya nuna cewa ƙarfafawa ta isa. In kuwa ya nuna ginin ya mutu, to lalle a fitar da iyali da 'yan haya tun da wuri, domin gida ana sake ginawa, rai kuwa ba shi da na biyu, kuma mai gidan da aka gargaɗa ya yi kunnen ƙashi shi zai amsa tambaya in bango ya danne wani.

Na huɗu, in yana da takarda kuma ya ga ana neman zaluntarsa, ya garzaya wurin lauya tun wa'adi bai cika ba, a nemi umurnin kotu na dakatar da rusau, a kuma kai umurnin hannun Hukuma, gama umurnin da ke cikin aljihu ba ya tsai da katafila. Kotun Ƙoli ta kafa ƙa'ida tun 1986, a shari'ar Gwamnan Jihar Ikko da Cif Odumegwu Ojukwu, cewa ba ya halatta gwamnati ta ɗauki doka a hannunta alhali magana na gaban alƙali. Waɗanda ba su da takarda ma ba su rasa mafita gaba ɗaya ba in sun haɗa kai. Da aka yi shirin rusa Mpape cikin 2012, zamanin Minista Bala Mohammed, mazauna unguwar suka kai ƙara a ƙungiyance, cikin 2017 kuma Babbar Kotun Abuja ta yanke cewa shirin ya saɓa wa doka. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Abin da bai kamata ya yi ba shi ne miƙa wa wani ɗan kanzagi kuɗi wai zai sa a cire sunan gidan daga jerin waɗanda za a rusa. Kuɗin da ba shi da rasit bai taɓa gyara takarda ba, iyakarsa ya sayi 'yan watanni, kana a sake dawowa da sabon fenti.

LAIFIN DA KE WUYAN HUKUMA

Ba adalci ba ne a ɗora wa mai gida nauyin duka. Gida ba ya tsirowa dare ɗaya kamar naman kaza. Ana haƙa harsashi, ana jera bulo, ana ɗora rufi, ana jawo wuta, duk a idon ma'aikatan da aka ɗauka domin sa ido, sai bayan an tare an haifi 'ya'ya a ciki sa'an nan a tuna cewa wurin hanya ce. Ɗaruruwan gidajen da aka rusa a rukunin Minanuel da ke hanyar filin jirgin sama cikin 2012 an gina su ne da rana tsaka, masu sayensu kuwa ma'aikata ne da suka tara kuɗi ko suka ci bashi. Da an tsai da aikin tun yana harsashi, da hasarar ba ta kai haka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daɗin daɗawa, akwai maganar takardun Ƙananan Hukumomi. Tun 2006 aka ce masu su su kawo a tantance. Bisa ga bayanin da ita kanta Hukumar Abuja ta yi cikin Afrilu 2025, an karɓi takardu fiye da 260,000, amma waɗanda aka duba ba su kai 9,000 ba. Ke nan akwai dubban magidanta da suka yi abin da aka ce su yi, suka biya abin da aka ce su biya, suka shekara kusan 20 suna jiran amsa. Da wane baki za a kira irin wannan mutum mai gini ba bisa ƙa'ida ba?

Su ma 'yan asalin ƙasa, Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da sauransu, an yi musu alkawarin sake matsuguni tun 1976, daga baya aka sauya manufar cikin 1978 saboda yawan kuɗin da aikin zai ci, aka ce sai waɗanda ginin birni ya taɓa kai tsaye. Daga nan aka yi ta sauye-sauye, yau a ce za a ta da su, gobe a ce za a bar su inda suke. Wannan rashin tsayawa kan magana ɗaya shi ya buɗe kasuwar sayar da filayen ƙauye da baƙi suka faɗa ciki.

Mutanen Kudu ba baƙin wannan labari ba ne. A Yuli 1990 gwamnatin Kanar Raji Rasaki ta rusa Maroko a Ikko bayan sanarwar kwana 7, mutane wajen 300,000 suka watse, wurin kuwa daga baya ya zama unguwar masu hannu da shuni. Wannan ne ya sa talaka ke zargin cewa in an ce taswira, wani mai ƙarfi ne ke son filin. Hanyar kawar da wannan zargi ita ce a riƙa bayyana dalilin kowane rusau a rubuce, a ba da wa'adi, a saurari mai gida, a bi umurnin kotu, a bayyana wa jama'a abin da aka yi da filin daga baya, kana a hukunta ma'aikacin da ya sa hannu a takardar bogi ko ya kau da kai ana gini a kan magudana.

Babu mai hankalin da zai ce a bar bene mai tsagewa ya tsaya har ya kashe mutane, ko a bar gini ya toshe hanyar ruwa damina ta cinye unguwa. Birni ba ya zama birni sai da ƙa'ida. Amma ƙa'idar nan da ta hana mai gida yin gini inda ya ga dama, ita ce kuma ta hana Hukuma yin rusau yadda ta ga dama. Kafin a kai ga ranar da kowane ɓangare zai tsaya kan nasa, abin da ya rage wa mai gida shi ne ya binciki fili kafin ya biya, ya nemi izini kafin ya haƙa, ya biya harajin fili kowace shekara ya adana rasit, ya kuma ajiye kwafin takardunsa a wani wuri dabam da gidan. Allah ya tsare dukiyar bayinsa, ya kuma ba shugabanni ikon yin adalci.